Canza Magani ko Tausa: Wanne Ya Dace da Ciwon da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa?

Ciwon da ya haura wata uku yana addabar mutum, ko dai kullum ko kuwa yana lafawa yana tasowa, shi ne masana lafiya suke kira ciwo mai daɗewa, kuma tun da sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki a shekarar 2022 aka ba shi gurbi na kansa, aka daina ɗaukarsa a matsayin alamar wata cuta kawai. A Maraɗi ba sai an yi dogon cigiya ba kafin a ga masu fama da shi: manomin da ya yi shekara da shekaru a duƙe a fadamar Gulbi, da ɗan kabu-kabun da yake wuni a kan babur, da matar da ta tashi cikin daka da surfe da ɗaukar ruwa, da direban babbar mota mai zirga-zirga ta hanyar Ɗan Isa. Idan ƙwayar da irin waɗannan mutane suka saba sha ta daina yi musu aiki, shawara biyu ce take zuwa musu daga ƴan uwa da abokan arziki. Wasu su ce a canza magani a nemi wanda ya fi ƙarfi, wasu kuma su ce a bar ƙwaya a koma ga tausa. Kowace shawara tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ciwo ɗaya suke yi wa aiki ba, kuma wanda ya zaɓa bai san irin ciwonsa ba yana iya ɓarnar kuɗinsa, ko ma ya jawo wa kansa abin da ya fi ciwon muni.

Saboda haka tambayar farko ita ce daga ina ciwon yake tasowa. Akwai ciwon tsoka da gaɓa, wanda mai shi zai ce bayansa ya riƙe ko ƙugunsa ya ƙage, yana ƙaruwa idan an yi aiki ko an daɗe a zaune, yana sauƙi idan an miƙe an ɗan taka. Akwai ciwon jijiya, wanda yake zuwa da raɗaɗi da suka da sagewa, kamar wanda yake saukowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har zuwa ɗan yatsan ƙafa, ko zafin tafin ƙafa da yake hana masu ciwon suga barci, ko raɗaɗin da yake saura a haƙarƙari bayan ƙurajen da suka fito a gefe guda sun warke. Akwai kuma ciwon da wata cuta ce take ci a ƙarƙashinsa, kamar tarin fuka da ya kama ƙashin baya, ko lalacewar kan ƙashin cinya ga masu sikila, ko ciwon daji. Wannan rukuni na uku ba ya cikin gardamar da muke yi, domin ba canza ƙwaya ba ce maganinsa kuma ba tausa ba ce. Duk wanda ciwon bayansa ya haɗu da rama, ko zazzaɓi da zufar dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, hanyarsa ita ce babban asibiti, inda za a yi masa hoton ƙashi da gwajin jini, kuma jinkiri a nan yana iya zama sanadin gurguncewa.

A ra'ayina, babban kuskuren da ake yi game da canza magani shi ne zaton cewa canji yana nufin hawa sama, wato daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Wannan tsari na hawa mataki-mataki Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a shekarar 1986, kuma domin masu ciwon daji aka yi shi, ba domin ciwon ƙugun ɗan kabu-kabu ba. Ga mafi yawan masu ciwo mai daɗewa a garinmu, canjin da zai amfane su shi ne a zauna a tsefe abin da suke sha, a zubar da wanda ya maimaita wani, a rage wanda yake cutarwa, sannan a duba ko akwai wani jinsin magani da ya fi dacewa da irin ciwon. Ƙwararren majo, wato ma'aikacin jinya, a cibiyar lafiya ta unguwa ba ya fara rubuta takarda sai ya ce, “Inna, gobe ki zo mini da duk abin da kike sha, har wanda jikanki ya sayo miki a bakin kasuwa.” Idan aka zazzage ledar a kan tebur, abin da akan gani shi ne katin ibuprofen da aka ci rabi, da diclofenac mai suna dabam a jikin kwali, da wani jan kafso wanda ba a san sunansa ba, da ƴan ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi iri-iri da aka ƙunshe a takarda aka ce na gajiya ne. Tsohuwar tana ganin magani huɗu take sha, alhali kuwa yawancinsu jinsin magani ɗaya ne take ninkawa.

Ibuprofen da diclofenac da piroxicam da naproxen duk ƴan gida ɗaya ne, suna kashe kumburi ta hanya ɗaya, kuma haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, illa ce kawai take ƙaruwa. Suna cin bangon ciki har su kawo gyambo, wanda alamarsa ta haɗari ita ce bayan gida baƙi ƙirin ko aman jini. Suna tayar da hawan jini. Suna rage jinin da yake isa ƙoda, kuma wannan ne ya fi shafar mu, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan haura digiri 40, mutum yana zufa yana aiki bai sha isasshen ruwa ba, sannan ya kora da diclofenac a kan cikin da babu komai. Haka abin yake a lokacin azumi ga wanda yake haɗiyar ƙwaya da sahur ya wuni babu ruwa. Idan kuma mutum yana shan maganin hawan jini irin captopril tare da maganin sa fitsari, to haɗuwarsu da waɗannan ƙwayoyi tana daga cikin sanannun hanyoyin da ƙoda take lalacewa. Iyakar diclofenac ga babban mutum ita ce miligiram 150 a wuni, ibuprofen kuwa bai kamata ya wuce miligiram 1,200 ba idan babu umarnin likita, kuma an haramta su ga mai ciki daga wata na shida. Duk da haka ba a ce ba su da amfani ba. Ga ciwon gwiwa da na baya suna aiki sosai idan an sha su na ƴan kwanaki lokacin da ciwon ya motsa, bayan an ci abinci, kuma likita yakan haɗa wa wanda yake da raunin ciki da omeprazole, maganin da yake kare bangon ciki. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, sauyawa daga ƙwayar diclofenac zuwa na shafawa canji ne mai kyau ƙwarai, tun da abin da yake shiga jini ta fata kaɗan ne.

Paracetamol ya fi su sauƙi ga ciki da ƙoda, amma ƙarfinsa a kan ciwon baya kaɗan ne, har hukumar da take tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce a shekarar 2016 kada a ba da shi shi kaɗai domin ciwon baya. Iyakarsa giram 4 a wuni, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma wanda hantarsa take da rauni, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yawaita, ya kamata ya tsaya ƙasa da haka. A lura cewa yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, don haka mutum yana iya zarce iyaka bai sani ba.

Abu biyu ne a cikin waccan leda suka fi tayar da hankali, kuma su ne dalilin da ya sa ba a canza magani da ka. Na farko shi ne dexamethasone ko prednisolone, waɗanda masu tallar magani sukan jefa a cikin haɗin gajiya saboda suna sa mutum ya ji garau cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya daɗe yana sha fuskarsa takan cika, sugansa ya hau, ƙashinsa ya yi rauni, kuma jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, ta yadda idan ya yanke sha lokaci guda zai iya faɗuwa da amai da saukar ƙarfin bugun jini mai hallakarwa. Na biyu shi ne tramadol, wanda aka fi sani da tramol. Magani ne na gaskiya, an fara sayar da shi a Jamus a shekarar 1977, kuma a asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100, iyakarsa 400 a wuni. Amma wanda yake yawo a hannun matasa yakan zo da miligiram 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, wato ƙwaya biyu sun kai ko sun wuce iyakar wuni gaba ɗaya, kuma abin da yake biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya. Mutum yakan fara shi ne domin ya iya aikin gona ko tuƙi duk da ciwon baya, bayan ƴan watanni sai jiki ya saba, adadin da ya isa jiya ya kasa yau, kuma idan bai sha ba sai ciwon jiki da zufa da hamma da rashin barci su taso masa, ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo, alhali ƙishirwar ƙwayar ce. Irin wannan mutum canjin da yake buƙata shi ne saukowa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, cikin makonni ko watanni. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta hana amfani da dangin tramadol a matsayin jiyyar yau da kullum, ta kuma hana ɗamarar baya da jan ƙashin baya da na'ura.

Inda canza magani ya yi wa tausa fintinkau shi ne ciwon jijiya. Raɗaɗin tafin ƙafar mai ciwon suga ba ya jin ibuprofen ko da buhu aka sha, amma yakan ji amitriptyline, wanda ake farawa da miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko gabapentin, ko pregabalin, ko duloxetine. Mutane da yawa sukan ajiye amitriptyline idan suka ji cewa asalinsa maganin ciwon damuwa ne, ko kuwa idan suka sha kwana uku ba su ga komai ba sai bushewar baki da nauyin ido da safe. Gaskiyar ita ce yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye da haka, kafin a san ko ya karɓi mutum, kuma adadin da ake bayarwa domin jijiya ya yi ƙasa ƙwarai da na ciwon damuwa. Ba a haɗa shi da tramadol sai da sanin likita, domin haɗin yana ƙara haɗarin jijjiga, kuma direba ko ɗan kabu-kabu ya kamata ya faɗi sana'arsa kafin a rubuta masa. Waɗannan magunguna na jijiya ne, ba a tanade su domin ciwon baya na tsoka ba.

Ita kuwa tausa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Mun gaji matsa ƙafar iyaye bayan sallar isha'i, da gasa baya da tsumma da ruwan zafi, da murza gaɓa da man kaɗe. Abin da take yi a jiki sananne ne gwargwado: tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana ɗumama wurin, tana rage yadda ƙwaƙwalwa take karɓar saƙon zafi na ɗan lokaci, tana kuma kwantar da hankali har barci ya samu, wanda shi kansa rabin jiyya ne ga mai ciwo mai daɗewa. Ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 25 a shekarar 2015, waɗanda suka ƙunshi mutum fiye da 3,000 masu ciwon baya, kuma abin da ta samu shi ne tausa tana rage ciwo na gajeren lokaci, illolinta ƙanana ne, amma hujjar ba ta da ƙarfi kuma babu tabbacin cewa sauƙin yana ɗorewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da za a iya yi wa mai ciwon baya, wanda yawan masu fama da shi a duniya ya kai miliyan 619 a shekarar 2020, amma a matsayin ɓangare na jiyya tare da motsa jiki da wayar da kai. Ma'anar wannan a fili take. Tausa ba ta mayar da gurunguntsin gwiwar da ya cinye, ba ta gyara faifan ƙashin baya, ba ta kuma warkar da jijiyar da suga ya lalata. Abin da take bayarwa shi ne ƴan sa'o'i ko ƴan kwanaki na sauƙi, kuma darajar waɗannan kwanaki tana ga abin da aka yi da su. Wanda aka yi wa tausa ya tashi ya yi tafiyar minti ashirin, ya yi atisayen da aka koya masa, ya kuma tsallake ƙwayar dare, ya ci riba. Wanda ya koma ya kwanta yana jiran tausa ta gaba, daɗi kawai ya ji.

Hannun da yake yin tausar shi ne yake raba mai amfani da mai cutarwa. Ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti, wanda aka fi sani da kine, yakan fara da tambaya da gwaji: ya sa mutum ya duƙa, ya ɗaga masa ƙafa a miƙe ya ga inda zafin zai tsaya, ya gwada ƙarfin babban yatsa. Sannan ya kwantar da shi rub da ciki da ƙaramin matashi a ƙarƙashin mara, ya fara shafa da tafin hannu daga ƙugu zuwa kafaɗa har fata ta ɗauki ɗumi, kafin ya sa manyan yatsunsa a kan tsokar da take gefen ƙashin baya hagu da dama, yana dannawa a hankali yana tambaya, “Alhaji, nan ne? Ya yi yawa?” Ba ya danna kan shi ƙashin bayan, kuma yakan rufe zaman da koyar da motsi biyu ko uku da za a riƙa yi a gida. Wannan duka ana iya koya wa ɗa ko mata ko ƙanwa, kuma shi ne amsar matsalar da take hana mata da yawa zuwa, wato rashin son namiji baƙo ya taɓa jikinsu: a je da ƴa ko ƴar uwa ta ga yadda ake yi, ta ci gaba a ɗaki.

Akwai kuwa al'adun da ya kamata a yi hattara da su. Sa yaro ya hau bayan kakarsa yana tattakawa yana iya karya haƙarƙari ko ya murƙushe ƙashin bayan tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni, musamman idan ta daɗe tana shan haɗin da yake da dexamethasone. Murɗa wuya har ya yi ƙara wasa ne da jijiyoyin jinin da suke hawa ƙwaƙwalwa. Mai ɗori yana da gwanintarsa da mutuncinsa a cikin al'umma, amma ciwon baya na shekara biyu ba targaɗe ba ne da za a ja a mayar. Ba a tausa ƙwaurin da ya kumbura shi kaɗai yana zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, domin yana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma murza shi yana iya tura shi huhu. Ba a tausa gaɓar da ta yi ja tana huci, ko wurin da yake da ƙurji ko rauni, kuma mai shan maganin tsinka jini ba a danna shi da ƙarfi. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta sage kada a gasa masa da ruwan zafi, domin zai ƙone bai ji ba, kuma ƙunar ƙafar mai suga ba ta saurin warkewa. Ƙaho da sakiya ba tausa ba ne, ko da yake sau da yawa hannu ɗaya ne yake yin su, kuma askar da aka yi wa wani amfani da ita hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Idan aka zo batun aljihu, lissafin yana da ruɗi. Ƙwayar bakin titi ita ce mafi araha a yau, ana sayenta ɗaya-ɗaya da ƴan canjin da suka rage, amma babu wanda ya san ko ta gaskiya ce, ko rana nawa ta yi a kan tire tana shan zafi, kuma kuɗin ƙarin jini bayan gyambo ya fashe ko na wankin ƙoda ya ninka abin da aka yi tattali sau ba adadi. Canza magani ta hanyar asibiti yana cin kuɗin ganin likita, da na gwajin ƙoda da suga, da na farmasi, amma amitriptyline da paracetamol da ibuprofen suna cikin magunguna masu sauƙin kuɗi, pregabalin da duloxetine ne suke da nauyi. Tausar asibiti kuwa tsadarta tana ga maimaitawa, domin ba zama ɗaya ba ne, kuma masu wannan aiki sun fi yawa a cikin birni, ta yadda wanda yake zuwa daga Madarunfa ko Gidan Rumji ko Dakoro kuɗin mota da asarar wunin aiki za su iya fin kuɗin jiyyar. Ga irin wannan mutum ya fi dacewa ya yi zama kaɗan da niyyar koyo, shi da wanda zai riƙa yi masa a gida.

Da za a tambaye ni, ɗan kabu-kabu mai shekara talatin da bayansa yake riƙewa da yamma, babu sagewa babu rama, tausa da atisaye da sauka daga babur yana miƙewa lokaci-lokaci sun fi masa sabuwar ƙwaya, ya ajiye ibuprofen domin ranar da ciwon ya motsa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da hawan jini, a fara da tsefe ledarta, a mayar da ita ga na shafawa, a haɗa da tausar cinya da motsin da yake ƙarfafa tsokar da take riƙe gwiwa. Mai suga da tafin ƙafarsa yake raɗaɗi, maganarsa tana wurin likita, a daidaita sugan a gwada maganin jijiya, tausa a gare shi ta jin daɗi ce kawai. Wanda ya riga ya saba da tramol, tausa da gashi za su taimaka masa ya jure kwanakin saukowa, amma ba za su maye gurbin tsarin ragewa ba. Mai sikila kuma, ɗumi da shafa mai laushi suna rage masa raɗaɗi, sai dai ciwon ƙugun da ya sa shi ɗingishi yana buƙatar hoto kafin kowa ya danna wurin.

Kowace hanya aka bi, kada a canza abu biyu a mako ɗaya, domin idan sauƙi ya zo ko illa ta ɓullo ba za a san daga ina ba. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta abubuwan da ake iya ƙirgawa, kamar sau nawa ciwo ya tayar da mutum daga barci, ko ya iya ruku'u da sujada ba tare da kujera ba, iya nisan da ya taka, da yawan ƙwayar da ya sha a ranar. Bayan mako huɗu zuwa shida a koma wurin majo ko likita da littafin da kuma ledar magungunan gaba ɗaya, a kan abin da aka rubuta za a yanke shawarar ci gaba, ko ƙara adadi, ko ajiye abin da bai yi aiki ba.